Lasifikar Soso a Bikin 'Yar Baba Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta. Wata Asabar ce, a Samaru, wurin bikin 'yar mutane. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sana'ar kayan lantarki a Sabon Gari. Da tire na fara, batir da tocila da ƙananan rediyo, ina bin tasha-tasha, har tire ya zama tebur, tebur ya zama shago. A tsawon wannan lokaci an zage ni, an cuce ni, ni ma na ɗan taɓa, amma ban taɓa jin kunyar da ta hana ni fita daga gida ba sai ran nan.

Sai na fara faɗa muku abin da duk mai sayar da kayan sauti a kasuwarmu ya sani. Mutanenmu ba da kunne suke sayen lasifika ba, da ƙugu suke saye. Mutum zai shigo shago, ka kunna masa, sauti ya fito tas, ko a jikinsa. Sai ya tattare riga ya sunkuya ya kama akwatin ya ɗan cira. In ya ji bayansa ya amsa, sai ya miƙe yana gyaɗa kai ya ce, "Wannan ita ce ta gaske." In kuwa ta taso masa a sauƙaƙe, komai daɗin sautinta, zai ce bari ya zagaya ya dawo. Ba zai dawo ba. Alhali ita lasifikar kanta, wato faifan da ke magana da maganaɗisun da ke bayansa, ba wani nauyin kirki gare ta ba. Katakon akwatin shi ne nauyin. Mu kuma da muke ba da hayarsu, mu ke ɗorawa, mu ke saukewa, mu ke shafa man zafi.

Wata rana na kai wa wani malami talabijin a Samaru, na tsaya shan kunun aya a bakin titi, sai ga wata ɗaliba ta sauko daga acaɓa riƙe da gida. Gida sosai nake nufi: bene hawa uku, da tagogi, da baranda, har da gareji. Da hannu ɗaya take riƙe da shi, ɗayan tana latsa waya. Na kasa haƙuri na tambaye ta.

Ta ce, "Baba, furojet ɗina ne na makaranta. Fom bod ne ai, ba shi da nauyi. Riƙe ka ji."

(Wannan "Baba" ta ɗan sosa mini rai, amma ɗan kasuwa ba ya fushi da mai ba shi ilimi.) Na riƙe gidan a tafin hannuna. Wani farin allo ne, tsakiyarsa soso mai tauri, an manna masa kwali gaba da baya. Ta ce duk masu karatun zanen gine-gine da shi suke aiki, ta nuna mini shagon da ake sayarwa. Kafin in gama kunun, a cikin kaina har na ƙera akwati na kai shi biki da hannu ɗaya.

Mako biyu na yi ina aiki a bayan shago tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke yin sanyi. Gwajin farko na shafa gam ɗin masu gyaran takalmi, ya cinye soson kamar sukari a shayi. Na koma farin gam na kafintoci. Na riƙa haɗa allo uku-uku domin ya yi kauri, na sa siririn zoben katako inda kusoshin lasifika za su kama, na lulluɓe komai da baƙin kafet. Na sa ƙarfe a kusurwoyi, na sa mariƙi, na sa raga a gaba. Ƙafafu kuma sai na ciro wasu 'yan robobi masu santsi daga wata matacciyar firiji na manna. Akwati biyu, kowanne ya kai mini ƙugu. Wanda duk ya kalle su zai rantse sai ƙarti biyu. Na gwada su a shago, ɗaya a matse tsakanin firiji da bango, ɗaya a tsakanin kwalaye, sauti ya fito ba laifi. Na zauna ina kallonsu ina mamakin yadda Turawa da 'yan Chana suka yi shekaru ba su gano wannan ba.

A wannan makon ne Baba Hedimasta ya shigo. Tsohon shugaban makarantar firamare ne, ya yi ritaya, mutum mai jiki da murya, kuma shi ne shugaban kwamitin wata majami'a a Samaru da ke son sauya kayan sautinta gaba ɗaya. Na daɗe ina bin wannan cinikin, don in ka samu majami'a ɗaya ta yarda da kai, 'yan uwanta har wajen Shika duk za su biyo. Ya ce, "Malam, ran Asabar zan aurar da autata. Ka kawo kayanka wurin liyafa. 'Yan kwamiti duk suna nan. In sun gamsu, kai za mu ba." Yana magana yana jinjina wata cajar waya a tafin hannunsa, ya ajiye ta ya ce wannan jabu ce. Ko kwalinta bai karanta ba.

To, me ya hana ni kai tsofaffin akwatunana na katako? Kafet ɗinsu ya yayyage, ɗaya ma kusurwarsa ta ci ruwa. Sababbin nan kuwa sheƙi suke. Na yi tunanin zuba duwatsu a ciki, sai na tuna gindin ma soso ne. Daga ƙarshe na yanke shawarar da a lokacin na ga babu wadda ta fi ta hikima: babu wanda zai taɓa su sai ni da Chidi, kuma za mu yi nishi.

Chidi maƙwabcina ne, mai sayar da wayar wuta da soket. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Duk aikin da na yi a bayan shago yana tsaye yana kallo, yana cin gyaɗa. Da na faɗa masa shirin, sai ya bugi ƙirji.

"Oga, no wahala. Shekara huɗu ni nake fitowa a jaki a wasan Kirsimeti. Na san yadda ake ɗaukar kaya."

Muka yi gwaji sau uku. Na ce masa kada ya wuce gona da iri. Ya ce in bar masa.

Ran Asabar da hantsi muka isa. Babban ɗakin taro ne, an shimfiɗa masa tayil mai sheƙi, an goge shi har kana ganin fuskarka. Samarin majami'a suka rugo za su taya mu sauke kaya daga keke mai ƙafa uku, na daka musu tsawa.

"Kada wanda ya taɓa! Na ƙarshen da ya gwada yana can asibitin Shika ana gyara masa baya."

Suka ja da baya. Muka kama akwati na farko. Ni dai nishi nake daidai gwargwado, amma Chidi sai da ya fito da jijiyoyin wuya. Duk taku uku sai ya ce a ajiye. Ya kira sunan mahaifiyarsa. A bakin ƙofa ya durƙusa ya dafe ƙugu, har Baba Hedimasta da kansa ya sa aka kawo masa ruwan sanyi da kujera. Da muka ajiye na biyu, Baba ya tattare babbar rigarsa ya matso, na san abin da ke tafe. Sai na yi kamar numfashi ya ƙare mini, na jingina, na danne kusurwar akwatin da gwiwar hannu, daidai inda ƙarfe yake. Ya kama mariƙi ya ja. Ya sake ja. Ya miƙe yana haki, ya juya wurin 'yan kwamiti.

"Kun ga kaya," in ji shi. "Wannan har jikokinmu."

Na jona waya (doguwa na kawo, na naɗe ragowar a bayan kowane akwati, abin da har yau nake da-na-sani), na koma gefe na zauna a gaban amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Aka yi addu'a, sauti tas. Shugaban taro ya yi jawabi mai tsawo, tas. Kawun ango ya ba da tarihin zuriyarsu tun daga kakan kakansa, tas. Baba yana waiwayo ni yana ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa a raina har na fara tunanin inda zan faɗaɗa shago.

Sai aka kira zumuntar mata.

Wanda bai taɓa zuwa irin wannan biki ba, to su ne ran taron. Mata kusan talatin cikin zane iri ɗaya, da kacau-kacau, da ƙarfen bugawa, da wani ƙaton tulu da ake buga bakinsa, yana yin wani irin gurnani da kake ji a cikin hanjinka. Shugabarsu, Mama Saratu, ta sa aka kafa makirfo guda a bakin tulun. Ta dube ni ta ce, "Mai sauti, ƙara mana. So muke a ji mu har can Kwangila." Na ƙara.

Tulu ya ce bum. Akwatin hagu ya girgiza. Tulu ya sake cewa bum. Akwatin ya matsa.

Na murza ido. A shago a matse suke, ban taɓa ba su fili ba. Yanzu ga fili, ga tayil mai santsi, ga ƙafafun firiji. Duk bugu ɗaya, taku ɗaya. Kuma ba a miƙe yake tafiya ba, sai ya karkata dama, ya karkata hagu, kamar hajiyar da ta sha sabon leshi. Na yi sauri na rage sauti. Mama Saratu ta juyo, ba ta ko katse waƙa ba, ta saka ni a ciki: "Mai sauti, kada ka rage!" Mata talatin suka amsa, "Kada ka rage!" Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, har da amarya. Baba ya harare ni daga babban tebur ya yi mini alama da hannu sama. Na mayar.

Tsakanina da akwatin akwai masu rawa sun fi hamsin. Ina kallo ya bar bango, wayar tana warwarewa a bayansa, ya bi sahun matan zumunta ya shiga layi. Ta ƙarshe a layin ta ji abu yana taɓa mata zane, ta waiwaya, ta ce "Yesu!" ta yi tsalle gefe. Mutane suka dare. Akwati ya samu fili ya ci gaba da abinsa, kuma wallahi bai saɓa kiɗa ko sau ɗaya ba. Wata ƙawar amarya ta zaro kuɗi ta liƙa masa a goshi. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, yau har kayan sauti sun san ranar farin ciki ce!" Aka yi guɗa. Wayoyi suka tashi sama.

Chidi ya rarrafo kusa da ni ya ce, "Oga, ka ce musu da rimot yake aiki. Sabon yayi ne daga waje."

Ina gaya muku gaskiya, na fara shirya yadda zan faɗi haka. Da an bar ni da shi, da wataƙila na fita da riba. Amma akwatin ya karkata ya nufi teburin kek, kek mai hawa huɗu da ba a riga an yanka ba.

Abu biyu suka haɗu a kan Baba Hedimasta. Na farko, mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayar da yara a layi ba zai iya kallon wani abu ya bar wurinsa ba tare da izini ba. Na biyu, da hannunsa ya ja akwatin nan bai motsa ba, don haka a saninsa abin da ke tunkarar kek ɗin 'yarsa ya kai nauyin saniya. Ya miƙe ya yi tsawa, "Ku kauce! Zai karya ƙafar wani!" Ya zagayo tebur da gudu, babbar riga tana kaɗawa, ya sha gabansa, ya juya baya, ya tattara duk abin da Allah ya ba shi ya zauna a kai.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Kamar an taka ƙaton kwalin ƙwai. Baba ya nutse. Gwiwoyinsa suka zo daidai haɓarsa, takalmansa suna kallon silin, farin soso ya yi ta tashi yana sauka a kan hularsa. Abin da ya fi muni, lasifikar da ke ƙarƙashinsa ba ta mutu ba. Mai tulu tana can gaba ba ta ga abin da ya faru ba, tana ta bugu, kuma duk bum ɗaya sai tumbin Baba ya amsa, hula ta yi tsalle. Sai da aka riƙe mata hannu.

Kiɗa ya tsaya. Daga cikin akwati wata murya ta fito, irin wadda ke sa tsohon ɗalibi ya gyara tsayuwa ko da ya yi furfura.

"Malam. Zo nan."

Na tashi. Ban kai rabin hanya ba sai na ga mutane suna kallon bayana. Ashe akwatin dama shi ma ya kama hanya, ya nufi ƙofar fita, sai da kiɗa ya tsaya ya tsaya. Kusa da shi kuwa kakar ango ce a zaune, Kaka Rifkatu, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da sandarta, wadda sai da mutum biyu suka riƙo ta ta hau matakalar shigowa. Ta miƙa hannu ta kama mariƙin don ta kawar da shi daga hanya. Ya taso. Ta dube shi. Ta leƙa ƙarƙashinsa. Sai ta ajiye sanda, ta ɗora shi a ka, ko gammo babu, ta ratsa tsakiyar ɗakin a hankali, ta sauke a gabana.

"Ɗana, ga kayanka," in ji ta. "Ina abokin naka mai ciwon baya? A ce ina yi masa sannu."

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, kuma ba ta bi ta lasifika ba. Na waiwaya neman Chidi, kujerarsa kawai na gani da robar ruwan sanyi.

Fitar da Baba ya zama wani aikin. An ja ta hannu, akwati ya biyo shi. An riƙe akwati an ja, ya ce a dakata. Na ce sai dai a yanka, a ba ni wuƙa. Wuƙa ɗaya ce a ɗakin, an ɗaura mata jan ƙyalle. Amarya da kanta ta miƙo mini, hawaye na zuba, ban sani ba na dariya ne ko na baƙin ciki, ban kuma tambaya ba. Haka na durƙusa a gaban mutum ɗari uku na yanka akwatina da wuƙar kek, na ɓare uban amarya kamar dafaffen ƙwai.

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula. Bai ɗaga murya ba.

"Da gwiwar hannu ka danne, ko?"

Na ce, "E, Baba."

"Soson bai dame ni ba, Malam. Mutum yana iya gwada abu. Ruwan sanyin da na sa aka kawo wa wancan ɗan wasan kwaikwayon, shi ya tsaya mini a rai." Ya ciro guntun soso daga kunnensa ya duba. "Kwamiti zai zauna. Ba sai ka zo ba."

Na kwashe gutsattsarin kayana ni kaɗai, a tafiya ɗaya, wanda shi ma sai da aka yi masa tafi.

Kwana huɗu ban buɗe shago ba. Na kashe waya na kwanta a gida a Palladan, na ce wa maiɗakina duk wanda ya zo ta ce na tafi Kano sarin kaya. (Ita kuwa hoton bidiyon ya riga ya iso wayarta ta hanya uku. Tana shiga kicin sai in ji tulu yana bum, bum, tana ƙoƙarin danne dariya da tari.) Cinikin majami'a dai ya tafi wurin wani a layin bayanmu, mai akwatunan da sai an kira 'yan dako.

Ran Alhamis na daure na fita. Ina shiga layinmu na hango fararen alluna jingine a ƙofar shagon Chidi. Shi yana durƙushe da reza yana yanka, Mama Saratu tana zaune a benci da mata biyu suna ba shi umarni.

Ta ce, "A'a, mai sauti! Ashe kana raye? Sau biyu muna zuwa, Litinin da Talata, shago a kulle."

Na ce na yi tafiya.

"To sannu da hanya. Mu irin wanda Kaka ta ɗauka muke so. Kullum in za mu taro a ƙauye sai mun yi ta roƙon maza su ɗaukar mana kaya, wannan ya ce bayansa, wancan ya ce yana zuwa. Ga abin da mace za ta ɗora a ka ta hau mota, kai kuma ka tsaya kana mana nishi. Da ka faɗa tun farko ai da tuni an gama. Zumunta huɗu ke so, ban da mu."

Na dubi Chidi. Bai ko ɗago ba.

"Oga, kwastoma ba ya jira," in ji shi. "Na ce musu tare muka yi aikin. Ƙarya na yi?" Ya ɗaga wani baƙin abu ya nuna mini. "Tsohuwar taya nake mannawa a gindi. Ba ya zuwa ko'ina. A sama kuma zan rubuta: Ba wurin zama ba ne."

Har yau shi ke yi musu. Wani lokaci in aiki ya yi masa yawa yakan ba ni yankan kafet.

Abin da na koya ba shi da yawa. Abu ɗaya tak kayana suka fi na kowa da shi, shi ne kuma na haɗa gumi na ɓoye, har da ɗauko ɗan wasa. Sannan in kunya ta kama ɗan kasuwa, to ya ji ta a zaune a cikin shagonsa, ƙofa a buɗe. Cikin masu zuwa yi maka dariya akwai mai son saye, kuma maƙwabcinka ba ya zuwa Kano.